Amsa ga Anti Hajiya kan Baturen da zai koma Saudiyya (an rubuto daga murya)

Salamu alaikum 'yan group, Anti Hajiya ina wuni, ya gida ya yara. Na saurari saƙonki, wato maganar abokin aikin Alhaji ɗin nan Baturen Ingila da ya samu aiki a Dahran, shi ba musulmi ba, kuma matarsa hankalinta ya tashi wai za a kulle ta a gida a saka ta niƙabi. To ni dai nan Khobar nake zaune, tsakaninmu da Dahran ɗin ba nisa, kuma da Turawa nake aiki kullum, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Na farko dai ki ce mata ta kwantar da hankalinta, labarin da take ji tsohon labari ne. Tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙa mota a ƙasar nan, kuma daga 2019 da aka buɗe bizar yawon buɗe ido baƙuwa ba dole sai ta sa abaya ba, abin da ake so kawai kaya masu mutunci da za su rufe kafaɗa da gwiwa. 'Yan hisbar nan ma da ake tsoro tun 2016 aka karɓe musu ikon kama mutum. Amma fa akwai abubuwan da ba su canza ba, kar ya zo yana tunanin Dubai ce. Giya haramun ce a doka, shi ya sa za ki ga ranar Alhamis da yamma gadar Sarki Fahad mai kilomita 25 da ta haɗa mu da Bahrain, inda ake sayar da ita, ta cika fal da motoci, hutun mako Juma'a ne da Asabar. Babu coci, ibadarsa a cikin gidansa. Makka kuwa ko kusa, akwai allo a hanyar Jidda da ke karkatar da wanda ba musulmi ba. Da azumi kar ya fito titi yana ci ko shan ruwa da rana, kar ya ɗauki mutum hoto ba izini musamman mata, kuma dan Allah Anti wannan ki jaddada masa, ya kama bakinsa a soshiyal midiya kan gwamnati da gidan sarauta, don a 2022 an yanke wa wani mai fasfon Amurka shekara 16 kan abin da ya rubuta a Twitter, fasfon bai hana ba.

Ta wajen kuɗi ba shi da matsala, ba a cirar haraji a albashi, sai dai VAT na kashi 15 in ya je sayayya. Kuma gaskiya mai ɗaci, wadda ni tana damuna, ita ce albashi a nan yana bin fasfo, Bature da ɗan Indiya ko ɗan Afirka za su yi aiki iri ɗaya amma abin da ke shiga aljihunsu ya sha bamban, ya san wannan tun daga gida don ya riƙa ganin girman mutanen da zai tarar. Ya duba kwantiraginsa da kyau, wa zai biya makarantar yara, wa zai biya kuɗin iqamar iyali, wato takardar izinin zama, don akwai riyal 400 da ake biya duk wata kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka.

To amma ainihin abin da nake so ya ji shi ne maganar kompawun. Turawa sun daɗe a yankin nan, tun da Amurkawa suka tono mai a Dammam a 1938, kuma tun lokacin suke zaune a unguwanninsu masu katanga, ciki da wurin ninƙaya da makaranta da kanti, a na kamfanin mai na Aramco ma mata na tuƙi tun kafin a halatta a waje. Bayan harin bam na Khobar a 1996 da na Riyad a 2003 sai katangar ta ƙara tsawo, tsaro ya ƙaru. Daɗi kam akwai daɗi, amma wallahi Anti za ki ga mutum ya shekara da shekaru a ƙasar nan, daga gida sai ofis sai mol, bai taɓa zama a falon Balarabe ba, bai iya ko “shukran” da kyau ba, in ya koma kuma shi ne mai ba da labarin Larabawa. Wannan asara ce babba, don mutanen nan akwai su da karrama baƙo.

In abokin aikinsa ya gayyace shi gida kar ya ce yana da uzuri, ya je. Zai cire takalmi a ƙofa, a shigar da shi majalisar maza, matarsa kuma a wuce da ita ciki wajen mata, kar su ɗauka wulaƙanci ne, haka tsarin yake kamar dai zaurenmu na gida. Za a kawo gahawa mai ƙamshin hel a ɗan mitsitsin kofi da dabino, ya karɓa da hannun dama, kuma ba a cika kofin, kaɗan kaɗan ake zubawa, in ya ƙoshi sai ya ɗan girgiza kofin kafin ya miƙa, in ba haka ba za a yi ta ƙara masa. Sannan a shimfiɗa leda a ƙasa a ajiye tiren kabsa, shinkafa da nama, kowa ya sa hannu ta gabansa. Kar ya miƙa wa mace hannu sai in ita ta fara, ya dafa ƙirji kawai ya gaishe ta.

Zafi kuma ki gaya musu gaskiya, Yuli da Agusta yana haura digiri 45 ga gumi saboda teku, in da hali su iso wajen Nuwamba lokacin da gari ya yi sanyi, su samu su je Al'Ula su ga kaburburan dutsen Mada'in Salih. Ki ba shi lambata ta private Anti, in sun sauka Dammam ni zan je in ɗauko su, maman yara kuma ta zaga da matar kasuwa. A gaida Alhaji.