Amsa: Rediyon mota ya ƙi karanta filashi

Malam, ka ce rediyon motarka ya ƙi karanta sabon filashinka mai 64GB alhali tsohon yana yi. Kada ka zargi rediyon tukuna. Filashin da ya haura 32GB yawanci da tsarin adana fayil mai suna exFAT yake zuwa, tsofaffin rediyoyi kuwa tsarin FAT32 suka sani. Kwashe kayanka zuwa kwamfuta, sannan ka yi wa filashin fomatin ka mayar da shi FAT32, don fomatin yana share komai. Da ni ne, mai 16GB zan saya in huta. Waƙoƙin kuma su zama MP3.

Batun kunna waƙa daga wayar salula a rediyon kuwa, igiyar AUX (mai haɗa wayar da rediyon kai tsaye) ta fi na'urar FM ɗin da ake sokawa a ramin kunna sigari, domin a cikin gari tashoshi kan shigar mata.