Amsa: Yadda za a yi jinyar Mama a gida bayan shanyewar ɓarin jiki

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce an sallamo ta bayan shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya juyawa da kanta, kina tambayar ta ina za a fara. Ki fara da fatarta da kuma haɗiyarta, domin gyambon kwanciya da ƙwarewa suna cikin abubuwan da ke mayar da irin waɗannan majinyata asibiti.

Gyambon yana samuwa ne idan nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi har jini ya daina zagayawa a wurin. Don haka a riƙa juya ta duk bayan awa 2, har da dare: dama, rigingine, hagu. Idan an juya ta gefe, kada a kwantar da ita kai tsaye a kan ƙashin kwankwaso. A karkata ta kamar digiri 30, a tare bayanta da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Wajen gyara mata kwanciya, a shimfiɗa ninkakken zanin gado daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama su ɗaga. Jan ta a kan katifa yana saɓe fata. Kuma kada kowa ya ja ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa.

Kullum lokacin wanka ki duba ƙasan baya, kwankwaso, dunduniya, allon kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba. Abin da za ki lura da shi shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri. In kin ga haka, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya. Kada a murza shi da sunan tausa, ƙara ɓata naman ciki yake yi. Zoben roba da ake sayarwa don zama ma ba na ba da shawararsa, matsin kawai yake mayarwa gefe-gefe. Famfas kuwa a canza da zarar ya jiƙe, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tawul ba tare da gugawa ba, sannan a shafa man zinc ko Vaseline kaɗan.

Batun abinci: kada a taɓa ba ta tana kwance. A zaunar da ita sosai, a ba ta rabin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Bayan an gama, a duba kumatun da ya shanye, abinci yana maƙalewa a nan, sannan ta zauna minti 30 kafin ta kwanta. Idan tana tari ko muryarta na gargara bayan shan ruwa, alama ce yana bi ta hanyar numfashi, kuma daga nan ciwon huhu ke farawa. Ki dakata, ki sanar da likita, wataƙila ya ce a riƙa kaurara abin sha. Ruwa lita 1.5 zuwa 2 a rana, sai dai in an taƙaita mata saboda zuciya ko ƙoda.

In akwai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararta koyaushe. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa shi ne na ƙarshe.

Zazzaɓi, sabon ruɗewa, numfashi sama-sama, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko gyambo ya fara wari, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Juyin dare kuwa mutum ɗaya ba zai jure shi ba. Ku raba dararen tsakaninku, a ajiye littafi kusa da gado ana rubuta lokacin juyi, magani da bayan gida, don wanda ya karɓa ya san inda aka tsaya.