Tambaya da Amsa: Yarona ya wuce shekara 2 har yanzu baki shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona ne na fari, shekararsa 2 da wata 3, yana tafiya yana gudu har kujera yake hawa, cin abinci ma ba matsala, amma ko Mama baya cewa sai dai aaa aaa, in yana son ruwa sai ya ja hannuna ya kaini wajen firij. In na kira sunansa wani lokacin ya juyo wani lokacin kamar ba da shi nake ba. Uwar mijina tace babansa ma sai da ya shekara 3 yayi magana wai ɗa namiji dama nauyin baki gareshi, maƙociyarmu tace linzami ne a kaishi wajen wanzami, wata kuma tace yare ne ya masa yawa dan gidan haya muke, Hausa da Tonanci da Turanci duk yana ji. Ni dai raina bai kwanta ba. Daga Maman yaro, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Rashin kwanciyar ran nan naki gaskiya gareki, kar ki bari a danne miki shi. Yawancin yara in suka kai shekara ɗaya da rabi suna da ƴan kalmomi bayan Mama da Baba, suna nuna abu da ɗan yatsa su kalleki, in suka cika shekara 2 kuma sun fara haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba zo". Yaron da ya wuce nan babu kalma ko ɗaya, kuma ba kullum yake amsa sunansa ba, wannan na a duba ne yanzu, ba na a jira shekara 3 ba.

Abu na farko kunne. Yaro da kunne yake koyon magana, abin da bai ji ba ba zai faɗa ba, kuma ba sai ya zama kurma gaba ɗaya ba, akwai mai jin ƙarar mota da bugun ƙofa amma maganar mutane bata shigar masa tangaran, shi yasa tafin da ake yi a gida ace ai gashi ya juyo baya tabbatar da komai, wataƙila inuwarki ya gani. Ki tuna baya da kyau, ya taɓa yin shawara mai tsanani satin haihuwa? Sanƙarau fa? Kunnensa ya taɓa fitar da ruwa ko mugunya? Bakwaini ne? Duk ki faɗa wa likita. Ki ɗauki littafin awo ki koma wajen nas ɗin da kuke zuwa awo, ko asibitin Manhyia tunda baku da nisa, kice musu ƙarara ɗana baya magana ina so a gwada jinsa, su baki takarda zuwa babban asibitin Komfo Anokye, wanda ake cewa Gii, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Gwajin ba zafi ba allura. Ki duba katin inshorarsa tun a gida, in ya mutu ana sabuntawa a waya ta *929#.

In kunne lafiya lau ne sai likitan yara ya duba sauran, yana kallon idonki? yana wasa da yara ko shi kaɗai yake ware kansa? yana kawo miki abu dan ya nuna miki? Wani nauyin baki ne kawai ya warware, wani kuma otizim ne, wato lalurar da take shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ko jinkirin girman ƙwaƙwalwa, ni daga wasiƙa ba zan yanke ba, amma ko wanne ne akwai masu koyar da magana da suka karanci aikin, kuma shekarun nan na farko lokacin ne ƙwaƙwalwar yaro tafi saurin ɗauka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganar wanzami dan girman Allah a barta. Linzami baya hana yaro fahimtar magana ko amsa sunansa, sai dai a yanka a jawo zubar jini da ƙwayar cuta. Yawan yare ma ba shi bane, mu duk ƴan zango da baki biyu uku muka tashi. Ita kuma Hajiya uwar mijinki kar ki ja da ita, ƙauna ce tasa take faɗa, ki samu maigida ku yi magana ya tsaya miki, in da hali ma ku tafi da ita ranar taji da kunnenta. Addu'a da tofi a ci gaba, asibiti ma a je.

Kafin ranar, ki rage masa waya da talabijin sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 tace ɗan shekara 2 kar ya wuce awa 1 a rana. Ki riƙa masa hira ido da ido, wajen wanka kice ga ruwa ga soso ga ƙafa, in ya jaki wajen firij ki durƙusa kice "ruwa?" ki ɗan dakata ki bashi dama ya gwada kafin ki miƙa masa.

TAMBAYA: Anti ƴata wata 11, tana zama da kyau tana kama kujera ta miƙe amma sam bata rarrafe, da ɗuwawu take ja. Akwai matsala? Daga Nima, Accra

AMSA: In sha Allahu babu matsala ƴar uwa. Akwai binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 wanda har da yaran Accra a ciki, an ga yara masu lafiya suna fara zama da kansu tsakanin wata 4 zuwa 9, tafiya kuma daga wajen wata 8 har kusan wata 18, kuma an samu kaɗan da basu yi rarrafe ba kwata-kwata suka miƙe abinsu. Tunda tana miƙewa ki riƙa sauketa daga goyo tana wasa a tabarma. Amma in kin ga jikinta ya saki ko ya sandare, ko gefe ɗaya kawai take amfani dashi, ko ta daina abin da ta riga ta iya, ko ta kai wata 18 bata taka ba, to ki kaita asibitin Maamobi ko asibitin yara na Princess Marie Louise ba tare da jira ba. Kuma kar ki yanke zuwa awo dan an gama rigakafin wata 9, akwai na wata 18, awo kuma har shekara 5 ne.