Tambaya da Amsa: In saya wa 'yata mashru'i a maktaba?

Tambaya: Salamu alaikum malama. Ina Makka, Shari'a Mansur. 'Yata tana aji huɗu na ibtida'i (firamare), abla (malamarsu) ta ba su mashru'i, wato aikin hannu da za su haɗa su kai makaranta, a kan ruwa, ta zauna ta yi nata da kwali da kala amma ta dawo tana kuka wai na kowa ya fi nata kyau, su a maktaba (shagon kayan karatu) aka yi musu. Ina tsoron kar ta faɗi. In saya mata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuma don Allah kar ki saya.

Wallahi wannan abu ya ishe ni, kullum sai na ci karo da shi. Iyaye sun ɗauka kyan allo shi ne ilimi, uba ya je shagon khidmatut ɗalib (masu yi wa ɗalibai aikin makaranta a biya su) ya zube riyaloli, wani ƙato ya yanka masa falin (allon soso) ya manna hotunan intanet ya zuba ƙyalli, da safe yaro ya ɗauka kamar ɗan dako, ka tambaye shi me ke jiki ya tsaya yana kallonka. To wa ya yi karatun, yaron ko mai shago? Tun 1918 da masanin ilimi Kilpatrick ya yi rubutu a kan wannan hanyar koyarwa ta mashru'i a Amurka, abin da ya nanata shi ne yaro ya yi niyyar aikin da kansa, ya tsara, ya gwada, ya duba inda ya kuskure. Kuskuren nan da layin da ya karkace su ne karatun. Har wasu malaman ma suna da laifi, su ke ba na shago maki mai yawa saboda ya ƙawata bango ranar da mai duba makarantu zai zo. Sannan ku ji tsoron Allah, yaro ɗan shekara tara kuna koya masa algus, ga hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ki shiga kicin da ita. Ta narka gishiri a ruwa, ke ki ɗora a wuta (kar ki bar mata tukunyar), ku rufe da murfi, ɗigon da ya taru jikin murfin in ya huce ta ɗanɗana. Ina gishirin ya tafi? Kar ki ba ta amsa, ki bar ta ta yi ta kame-kame. Daga baya ki gaya mata ruwan famfon Makka da Jidda da yawansa daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri a matatar Shu'aiba. Ta zana abin da ta gani da hannunta.

Ranar ganawa da iyaye kuma ki roƙi abla ta riƙa sa kowace yarinya ta tashi ta yi bayanin nata.