Tambayoyinku: Sharaɗi ba wurin cire kuɗi ba ne

Daga Aboabo, Kumasi: Malam, ina haɗa manhajar susu da Java, na tsara matakanta da SCXML (tsarin rubuta matakan manhaja a fayil ɗin XML) na Apache Commons. Na sa asusu.cireKudi() a cikin cond (sharaɗin wucewa daga mataki zuwa mataki), amma shiru kake ji. Ina na kuskure?

Ɗan'uwa, fayil ɗin XML bai san wani asusu ba sai ka gabatar masa. Ka saka abin a root context (ma'ajiyar abubuwan da injin ke gani) da sunan "asusu", ka miƙa wa SCXMLExecutor, injin da ke tafiyar da matakan, kafin ka tada shi, sai JEXL, mai karanta abin da ka rubuta a cond, ya gan shi. Method ɗin kuma ya zama public. Shirun da ka ji ma ba shiru ba ne: idan cond ya gaza, ana ɗaukarsa a matsayin ƙarya, a jefa error.execution. Kai ne ba ka kasa kunne ba.

Amma fa gara da bai yi aiki ba! Cire kuɗi a cond? Haba. Cond tambaya ce kawai: akwai kuɗi ko babu? Mashigar (transition) da ba ta jiran event, wato saƙon cewa wani abu ya faru, injin yana sake duba sharaɗinta duk lokacin da ya motsa, ba ya neman izininka. Ke nan Hajiya mai wake da shinkafa za ta zuba sidi 20, a zare mata sau uku, ta biyo ka har gida, kuma ni ba zan zo rabon faɗa ba. Tun 2015 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar da SCXML, amma har yau samari na cusa aiki a inda ake tambaya, don ya fi saurin rubutawa. Ni ɗabi'ata, duk abin da zai shiga cond, eh ko a'a kaɗai yake mayarwa, kamar akwaiKudi(). Cirewar kanta ta koma onentry (abin da ake yi da an shiga mataki) na matakin biya, ta custom action. Idan kuwa sai an jira amsar MoMo, yi invoke (kiran aikin waje), ka saurari event ɗin da zai dawo. Kada ka daskarar da injin gaba ɗaya saboda netwok.

Daga Nima: Na rubuta && a cond, fayil ya ƙi buɗuwa.

XML ne, ƙanena. Alamar & ba ta tsayawa ita kaɗai a cikinsa. Rubuta &&, ko ka sa "and", JEXL na ganewa.

Daga Madina: Wayata ta cika, ko hoto ba ta ɗauka.

Hajiya, bidiyoyin biki da suna ne na WhatsApp. Kashe saukarwa ta kai tsaye, ki share na bara.