Amsa ga Malama Hadiza kan tsafin Wicca da abubuwa huɗu

Malama Hadiza, kin tambaya ko gaskiya ne kowane mabiyin Wicca, wani addinin tsafi na zamani da ya taso a Ingila, shi ke tsara wa kansa tsafinsa da wuta, ruwa, iska da ƙasa. Gaskiya ne, amma akwai tsarin da suka gada.

Batun abubuwa huɗun ya girmi Wicca nesa ba kusa ba. Masanin Girka Empedocles ne ya kawo shi tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙungiyar masu tsafi ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 ta riƙa haɗa kowanne da kusurwarsa: iska a gabas, wuta a kudu, ruwa a yamma, ƙasa a arewa. Da Gerald Gardner ya fito da Wicca fili a Ingila a 1954, kusan haka aka bi.

Mai yi shi kaɗai sai ya zana da'ira a ɗaki, ya kunna turaren wuta ta gabas a madadin iska, kyandir ta kudu a madadin wuta, ya ajiye kwanon ruwa ta yamma, ɗan gishiri ta arewa a madadin ƙasa. Daga nan ne kowa ke sauyawa. A Ostareliya da yawa kan mayar da wuta arewa, don ta can rana ke bi da tsakar rana. Wanda teku ke gabashinsa yakan kai ruwan can.

Ko a wajenmu masu hisabi sukan raba haruffan Larabci gida huɗu a kan waɗannan ɗabi'u. Ni dai bayani na kawo miki, 'yar'uwa. A matsayina na Musulmi ba na kiran kowa sai Allah, kuma ba zan ba ki shawarar gwadawa ba.