Hotunan Dorinar Yauri: In Ƙara Matsawa Kusa Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Yauri, jihar Kebbi. Kwanan baya na bi wani masunci a kwalekwalensa muka shiga kogin Kwara da tsakar rana, na ɗauko hotunan dorina uku da na turo maka: ɗaya ta wangale baki, ɗaya kanta kawai ya fito saman ruwa, ɗaya kuma uwa ce da ɗanta a gaɓa. Kyamarata Canon 2000D ce, gilashina mai milimita 70 zuwa 300. Ina son su fito tar kamar irin na Kenya, waɗanda har gashin bakin dabba ake gani. Me na ɓata? Ko in ƙara matsawa kusa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara matsawa, ko da taku ɗaya. Na daɗe ina kallon hoton farko, wanda na san shi ka fi alfahari da shi, kuma gabana sai da ya faɗi. Mutane suna ɗauka hamma dorina take yi idan ta buɗe baki haka. Sau da yawa gargaɗi ne, haurenta take nuna maka don ka bar mata wuri. Dubi yadda ta fuskanci kwalekwalenku kai tsaye, ruwa yana zuba daga haɓarta. Dabba ce da namijinta kan kai kilo 1,500 ko fiye, haurenta na ƙasa kan kai santimita 50, tana iya nutsewa kamar minti 5 ba ka san ta ina za ta ɓullo ba. Mutanen Yauri ba sa bukatar in ba su labarin abin da take yi wa kwalekwale, sun binne 'yan'uwa saboda ita. Allah ya tsare ku ranar, kai da masuncin.

To, mu koma kan aikin. Hoton na farko ya ɗan yi dishi-dishi, kuma ba nisa ne ya jawo ba, motsi ne. Bayanan hoton sun nuna ka bar saurin ƙyaftawar kyamara a 1/250 na daƙiƙa. A wurin biki, amarya na zaune, wannan ya isa. Amma ga kwalekwale yana rawa, ga gilashi a zuƙe har 300, ga dabba tana motsi, sai ka kai 1/1000 ko sama. In haske ya gaza, ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Ɗan tsakuwa-tsakuwar da zai fito a hoton ana iya rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa ba shi da magani. In jirgin mai inji ne, a kashe injin kafin ka danna.

Na biyun shi ya fi ba ni takaici, domin dama ce mai kyau ta kuɓuce. Allah ya jera wa dorina ido da kunne da hanci a saman kai, shi ya sa take iya ɓoye jikinta duka ta bar su waje, kuma ka same ta daidai a haka. Sai dai ta fito baƙi ƙirin kamar dutse. Ruwan da rana take haskawa ne ya ruɗi kyamarar, ta ga haske ya yi yawa ta rage, dabbar ta nutse cikin duhu. Akwai maɓalli mai alamar +/- a bayan kyamararka, ka ƙara zuwa +1 ka gwada, ka duba allo. Sannan ka bar wa kyamara zaɓin inda za ta saita gani, ita kuma ta kama kainuwar da ke gaba, ganyen ya fito tsaf, idon dorina ya dushe. Zaɓi ɗigo ɗaya tak, ka ɗora shi a kan ido.

Tsakar rana ma ba lokacin wannan aiki ba ne. Ka fita da sassafe kafin hantsi, ko la'asar sakaliya, rana tana bayanka. A lokacin ne za ka ga ja-jan nan da ke gefen idonta da kunnenta, da tabon faɗa a wuyanta. Ranar da hazo ya sauko da yawa, ka haƙura.

Hotunan gandun dajin Masai Mara na Kenya da na Serengeti na Tanzaniya da kake gani, galibi daga cikin mota ake ɗaukar su, da gilashi mai milimita 500 ko 600, a kan dabbobin da suka saba ganin motocin baƙi kullum. Dorinar Yauri kuwa da manoman shinkafa da masunta take zaune, ana korar ta daga gona, ba ta ɗauki mutum aboki ba. Amma kayan aikinka ba su gaza ba. A irin kyamararka, 300 ɗin nan yana jawo abu kamar 480, kuma tana da megafiksel 24. Ko ka yanke rabin hoton ka zubar, abin da ya rage ya fi ƙarfin Facebook.

Na ukun shi ne hotonka, ko da kai ba ka ɗauke shi komai ba saboda dabbobin sun yi ƙanana. Ni na ga ɗan ya jingina kansa da ƙafar uwar, laka ta bushe a bayansa, ga balbela a gefe, can baya kuma ga fadamar shinkafa da wani mutum da hular kaba. Wannan babu mai samo shi a Kenya. Ka rage sararin sama kaɗan, ka daidaita layin ruwan da ya karkace hagu, ka bar sauran yadda yake. Nisan da ka tsaya a nan shi ne daidai, domin mai ɗa tana da saurin kai hari, kuma a tudu tana gudun kusan kilomita 30 a awa.

In za ka koma, fara zuwa wurin Sarkin Ruwa ko dattawan Sarkawa, su suka san inda take kwana da hanyar da take bi zuwa kiwo da dare. Ka nemi gaɓa mai tudu, nesa da sawunta, kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa. Cika ƙaramin buhu da gero ka ɗora gilashin a kai, ka zauna shiru awa biyu. Abin da ka samo, turo mini in gani.